Doka, Hankali da Sulhu: Daga Ƙasar Sin zuwa Yankin Gazawa

A zamanin daular Cing, alƙalin gunduma a ƙasar Sin yana da kundin doka na 1740 mai ɗauke da ayoyi 436, amma ba da shi kaɗai yake yanke hukunci ba. In rigimar gona ce, ko bashi, ko aure, abu uku yake aunawa: rubutacciyar doka, da abin da hankali ya yarda da shi, da kuma halin da masu ƙara suke ciki. Burinsa mutanen biyu su iya ci gaba da zaman gari ɗaya bayan shari'a.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A yankunan Gazawa, Agye da Gidan Rumji, magana takan soma daga wurin maigari, ta je ga hakimi, ko ta kai fadar sarki. Malami ya kawo hukuncin mazhabar Malikiyya, dattawa su faɗi al'ada da iyakokin gado, sarki kuwa ya nemi maslaha. Turawan Faransa ba su rushe wannan tsari ba, dokarsu ta 1903 ta bar wa kotunan ƴan ƙasa bin al'ada. Bayan samun ƴancin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta umarci alƙalai su bi al'adar masu ƙara a sha'anin aure, saki, gado da gonaki, tare da masu ba da shawara masana al'ada. Ke nan sassauci kansa doka ce ta tanade shi.

Sai dai sulhu yana da iyaka. Da jama'a suka yi yawa, daji ya ƙare, burtali ya zama gona, sai sasantawa ta riƙa karkata ga mai ƙarfi, mata suna rasa gamanarsu, makiyaya suna rasa hanya. A Oktoba 1991, a Toda cikin yankin Gidan Rumji, an hallaka fiye da mutum 100, galibinsu mata da yaran Fulani. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, ta kuma ajiye sulhun sarakuna a matsayin matakin farko, ana rubuta sakamakonsa.

Nan ne aikin masana harshe yake. Takardar sulhu tana Faransanci, alhali da Hausa aka yi maganar. Aro, jingina, haya, kyauta da gado kowanne da hukuncinsa. In tafinta ya haɗe aro da kyauta, gona ta salwanta. Ya kamata a tattara waɗannan kalmomi daga bakin dattawa, a daidaita ma'anarsu, a sa su cikin littattafan yaƙi da jahilci.