Tsayawa Cikin Bangaskiya a Ikilisiyoyin Keffi

Tsayawa cikin bangaskiya koyarwa ce ta Kirista da ke kiran masu bi su riƙe bishara da aminci, su guji malaman ƙarya, su kuma kauce wa tsattsaguwa. Tushenta yana cikin Sabon Alkawari. Matiyu sura 7 ta yi gargaɗi kan annabawan ƙarya, Wasiƙar Yahuza ta kira masu bi su yi fama domin bangaskiya, a 1 Korintiyawa kuwa Manzo Bulus ya tsawata wa masu raba ikilisiya saboda goyon bayan shugabanni.

A Keffi, Jihar Nasarawa, ana koyar da ita a wa'azin Lahadi, ajin baftisma da taron zumuntar mata, sau da yawa daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932.

Cikin ikilisiyoyin yankin akwai ERCC, mai hedkwata a Alushi kusa da Akwanga, wadda ta tsiro daga aikin mishan ɗin SUM. Tana cikin TEKAN, tarayyar da aka kafa a 1955 domin haɗa kan ikilisiyoyi masu ƙabilu da harsuna dabam-dabam.