Tsakanin Fafaroma da 'Yan Gurguzu a Zamanin Musolini

Duk wanda ya so ya fahimci yadda Musolini ya danne mutanen Italiya shekara ashirin da ɗoriya, wajibi ne ya faro daga 1870, sa'ad da sojojin sabuwar daular Italiya suka ci birnin Roma, suka raba Fafaroma da sarautar da magabatansa suka riƙe ƙarni bayan ƙarni. Domin ɓacin ran wannan al'amari ne ya ƙarfafa hukuncin fadar Batikan, mai kama da fatawa, cewa bai halatta ga ɗan Katolika ya jefa ƙuri'a ko ya nemi kujera a majalisar ƙasa ba. Sai a 1919 aka ɗage haramcin ɗungum, wani fada mutumin Sisili, Luigi Sturzo, ya kafa jam'iyyar Popolari.

A zaɓen Nuwamban wannan shekara jam'iyyarsa ta sami kujeru 100, 'yan gurguzu 156, a majalisa mai kujeru 508. Mai hisabi ya duba: da sun haɗa kai, da rinjaye yana hannunsu. Amma 'yan gurguzu suna ganin coci abokiyar masu manyan gonaki ce, mai yi wa talaka wa'azin haƙuri alhali ana cin guminsa, malaman coci kuwa suna ganin gurguzu zindiƙanci ne zalla, har kowane ya fi tsoron ɗayan bisa ga masu baƙaƙen riguna, wato 'yan Fasist na Musolini, waɗanda ke ƙone ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma ba su tambayi na wane ne ba. Da Musolini ya karɓi gwamnati a 1922, har da 'yan Popolari cikin ministocinsa. Sturzo ya ƙi yarda, aka matsa masa daga Batikan ya sauka a 1923, shekarar da 'yan Fasist suka yi wa fada Giovanni Minzoni dukan ajali a garin Argenta. Kuma ko bayan kisan ɗan majalisa Giacomo Matteotti a 1924, lokacin da ƙasa ta girgiza, Fafaroma Pius na Sha Ɗaya gargaɗin mabiyansa ya yi kada su yi ƙawance da 'yan gurguzu. Sturzo ya yi hijira zuwa Landan.

Ladan ya zo a 1929: sulhun Lateran ya ba Fafaroma ƙaramar daularsa da diyya, ya tabbatar da Katolika addinin ƙasa. A ganina an ba da jam'iyyar Sturzo ne sadakin wannan aure, kuma mutanen Habasha sun ga kaɗan daga 'ya'yansa a 1935, yayin da Musolini ya kai musu yaƙi, bishop-bishop da yawa suka sa wa mayaƙansa albarka.

Abin ta'ajibi shi ne, wanda ya fi kowa nazarin ƙarfin coci a wannan zamani ɗan kwaminis ne, wato ɓangaren da ya ɓalle daga 'yan gurguzu, Antonio Gramsci, mutumin Sardiniya, wanda aka kama a 1926, ya cika littattafan rubutu a kurkuku, ya mutu a 1937 bayan ciwo ya gama cinye shi. Mas'alar da ta dame shi ita ce, me ya sa talaka yake miƙa wuya ga tsarin da ke cutarsa ba da bulala kaɗai ba, har da yardar zuciyarsa. Ya ga amsar tana cikin makaranta da jarida da mumbarin coci, inda ake shuka ra'ayi har ya zama ɗabi'a, ya kuma lura cewa coci ta san yadda ake riƙe malami da manomin ƙauye cikin aƙida guda, hikimar da masu falsafar zamani suka kasa.

Daga 1943 Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta abin da hankali ya kasa, Katolika da kwaminis suka ɗauki makami tare kan 'yan Fasist a duwatsun arewa, suka kuma zauna tare wajen rubuta tsarin mulki. A Maris 1947 Palmiro Togliatti, abokin Gramsci, ya sa kwaminis suka goyi bayan sashe na 7, wanda ya shigar da sulhun Lateran cikin tsarin mulkin, alhali 'yan gurguzu sun ƙi. Hujjarsa kuwa kada a tsaga ma'aikata gida biyu saboda addini. Wata biyu bayan haka shugaban gwamnati, ɗan Katolika Alcide De Gasperi, wanda ya sha ɗaurin Musolini ya kuma fake yana aiki a ɗakin littattafan Batikan, ya fitar da kwaminis da 'yan gurguzu daga gwamnati, ya ci zaɓen 1948 da kashi 48 cikin ɗari, a 1949 kuma Batikan ta zartar da korar duk ɗan Katolika mai riƙo da aƙidar kwaminis daga cikin jama'ar coci.