Tarihin Kiwon Salwa a Jos

Salwa ƙaramar tsuntsuwa ce, dangin fakara da makwarwa, mai launin ƙasa-ƙasa da zane a fuka-fukai. Sunanta ya zo wa Hausawa daga Larabci, domin Alƙur'ani ya ambace ta tare da mannu a surorin Baƙara da A'araf da Ɗaha, a matsayin abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila. Labarin yana kuma cikin littafin Fitowa na Attaura. Turawan Ingila kuwa sun aro nasu sunan daga tsohon Faransanci, kuma masana na ganin kwaikwayon kukanta ne.

Wadda ake kiwo a yau 'yar Japan ce. Can aka fara ajiye ta a keji ɗaruruwan shekaru da suka wuce, don daɗin kukanta. Sai a farkon ƙarni na 20 aka juya ga zaɓen masu yawan ƙwai. Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa ƙarar da irin, aka sake farfaɗo da shi daga ɗan abin da ya tsira.

Ƙofar shigowarta Nijeriya ita ce Vom, kudu da Jos, inda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924. A 1992 cibiyar ta kawo salwar Japan, da nufin samar wa talaka nama da ƙwai cikin rahusa. Daga nan aka riƙa sayar wa manoma 'yan tsaki da ƙwan ƙyanƙyasa. Jos ta dace da hakan, domin sanyinta ya daɗe da mayar da ita cibiyar kiwon kajin ƙwai, ga masu haɗa abincin kaji a kusa.

Abin da ya ja hankalin mutane shi ne sauƙin kiwonta. Ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kwana 17 zuwa 18, tana fara saka ƙwai da mako shida ko bakwai, kuma takan yi fiye da 250 a shekara. Ƙwan ɗan mitsitsi ne mai dabbare-dabbaren baƙi da ruwan ƙasa, sai an haɗa kamar biyar kafin su kai na kaza ɗaya. A cunkusassun unguwannin Jos ta Arewa irin su Kongo-Rasha da Nasarawa, inda gidajen haya ba su da filin kiwo, kejin katako da waya mai hawa-hawa a gefen tsakar gida ya wadatar. Cikas ɗinta ɗaya: salwar keji ba ta cika kwanci ba, dole sai da injin ƙyanƙyasa.

Kasuwarta ta yi tashe a farkon shekarun 2010, lokacin da aka baza cewa ɗanyen ƙwanta na maganin hawan jini da ciwon suga da asma da gyambon ciki. Ma'aikata da 'yan fansho suka zuba jari, farashi ya yi sama. Da ƙwai ya yi yawa, waraka kuma ba ta tabbata ba, sai kasuwar ta faɗi, da yawa suka tafka asara. Haka aka yi a Kenya tsakanin 2013 da 2014.

Waɗanda suka rage a sana'ar su ne masu sayar da nama da ƙwai a matsayin abinci. Ƙwan salwa na gina jiki kamar na kaza, amma babu binciken likitanci da ya tabbatar yana warkar da waɗannan cututtuka.