Masallaci da Coci a Ƙasar da Ba Ta da Addinin Hukuma: Darasi daga Tarihin Garwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Tsarin mulkin Kamaru ya ce ƙasar nan ba ta da addinin hukuma, abin da ake kira laïcité da Faransanci. Wasu matasanmu a nan Jambutu suna ɗaukar wannan a matsayin dabarar danne Musulunci, wasu Kiristoci kuma suna ganin Arewa ba ta taɓa yarda da su ba. Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwayi tarihi.

Musulunci ya riga Kiristanci kafuwa a wannan yanki. Tun farkon ƙarni na 19, da Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, aka kafa lamidoci irin su Garwa da Ngaundere da Rai Buba. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Faransawa suka gaje su bayan Yaƙin Duniya na Farko. 'Yan mishan sai daga baya suka iso: mabiya ɗarikar Luther daga Amurka da Norwe a shekarun 1920, sannan limaman Katolika ƙarƙashin Yves Plumey a 1946. Galibi sun fi samun karɓuwa wajen ƙabilun da ba su musulunta ba, kamar Gbaya da Tupuri da Masa da mutanen duwatsun Mandara. Sun buɗe makarantu da asibitoci, kuma Musulmi da yawa sun sha magani a asibitin mishan na Ngaundere. Wannan gaskiya ce, ba ta rage mu da komai.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, ɗan Garwa ne, Alhaji Ahmadu Ahijo, ya zama shugaban ƙasa. Musulmi ne, amma bai mai da Kamaru daular Musulunci ba. Duk da haka, a zamaninsa Kiristocin Arewa sun koka cewa wasu masu riƙe da mulki suna hana su gina coci, suna kuma matsa wa sarakunan ƙabilu su musulunta. Ranar 6 ga Nuwamba 1982 Ahijo ya miƙa mulki ga Paul Biya, ɗan Katolika. Bayan yunƙurin juyin mulki na Afrilu 1984, sai tsoro ya dawo gidajenmu: an kama 'yan Arewa da yawa, wasu ba su dawo ba. Dattawanmu ba su manta ba.

To, kun ga ke nan kowane ɓangare ya ɗanɗana zama a ƙasa. Wanda ya taɓa kwana da fargaba ya san amfanin dokar da ba ta tambayar mutum ina yake ibada. Dokar da ta bar ƙararrawar coci ta kaɗa ranar Lahadi, ita ce ta bar ladaninmu ya kira sallar asuba. Ita ce ta sa ƙaramar Sallah da babbar Sallah suka zama ranakun hutu kamar Kirsimeti. A 1985 Paparoma John Paul na Biyu ya zo har Garwa, garin lamiɗo, kuma gari bai tashi ba.

Amma mu ba tsarin mulki ne ya fara koya mana wannan ba. Lokacin da aka tsananta wa sahabbai a Makka, Annabi (SAW) ya tura su Habasha, wurin Najjashi, sarkin Kiristoci, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ya kuma karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta mana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Aƙida kam ta bambanta, kuma ba za mu ɓoye ba: mu Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa. Sai dai wajen riƙon amana, biyayya ga iyaye, tausayin maraya, ƙin sata da zina da cin hanci, abin da liman ke faɗa ranar Juma'a bai yi nisa da abin da maƙwabcinmu ke ji ranar Lahadi ba.

Fitinar Boko Haram ta ƙara tabbatar da haka. A 2013 sun sace wani limamin Katolika a yankin Arewa Mai Nisa, a 2015 sun tayar da bama-bamai a Marwa, daga baya har masallatai suka kai wa hari. Ba su tambayi kowa addininsa ba.

Saboda haka, ɗalibai, in maƙwabcinku Kirista ya yi rashi, ku je ta'aziyya. In kuna ciniki da shi a kasuwa, ku cika masa mudu. In kun ji ana zuga mutane a kan coci, ku tuna da 1984, ku kame bakinku da hannunku. Ku riƙe addininku da ilimi, ku kira zuwa gare shi da kyakkyawan hali.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu gama da imani. Wassalamu alaikum.