Ƙafa Ta Biyar Da Ɗan Babur: Tarihin Kayan Da Ya Rasa Wurin Zama

A shekarar 2015, lokacin da nake zaman karatu a jihar Idaho ta ƙasar Amurka, maƙwabcina wani dattijo ne ɗan fansho, tsohon makanikin injinan gona. Ni Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Wata safiya cikin watan Nuwamba, sanyi ya fara kankama, sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Ɗana, zo ka kama mini wani ɗan kaya." Da na fita sai na tarar da wata doguwar tirela a ƙofar gidansa, tsawonta ya kai mita 10, an ɗaura ta a bayan wata ƙatuwar a-kori-kura. Cikin tirelar akwai ɗakin kwana da kicin da banɗaki da falo, wato dai gida tafi-da-gidanka na haƙiƙa. A gefenta kuma ga wani ɗan jan babur tsoho, wanda kallo ɗaya na yi masa na gane ɗan'uwan roba-roban nan ne da muka sani a Kano. Shi ne kayan da za mu ɗora.

Na dubi bodin a-kori-kurar na ce, "Baba, ai sai mu cusa shi nan." Ya girgiza kai ya ce in leƙa tukuna. Ko da na leƙa sai na ga tsakiyar bodin wani faifan ƙarfe mai siffar kofaton doki ya cinye shi, gaban tirelar kuma ya hau sama ya lulluɓe bodin kamar rumfa, yadda duk lokacin da motar ta sha kwana sai ya share abin da ya ɗago kai a wurin. Irin faifan nan ne da ke bayan kan tirelolinmu masu zuwa Legas, sai dai wannan ƙarami ne. Amurkawa suna kiran sa ƙafa ta biyar, kuma da wannan suna suke kiran tirelar baki ɗaya. Tun daga ranar na shiga bin tarihin abin, domin na ga mamakin mota mai wannan girma a ce ta rasa inda za a ajiye ɗan babur.

Sunan ya girmi mota. A ƙarni na 19, keken doki mai ƙafa huɗu yana da wani zoben ƙarfe da ake kwantar da shi a saman ƙafafun gaba, domin su riƙa juyawa a kwana ba tare da keken ya kife ba. Da yake zoben kewayayye ne kamar ƙafa, ga shi kuma an riga an ƙirga huɗu, sai aka ce masa ta biyar, alhali ko ƙasa ba ya taɓawa. Da mota ta zo, a 1914 wani maƙeri a birnin Detroit mai suna August Fruehauf ya ƙera wa wani ɗan kasuwar katako, Frederic Sibley, tirelar da gabanta ke hawa bayan motar Ford Model T, domin ya riƙa jan kwalekwalensa. A daidai wannan lokaci, wajejen 1915, kamfanin Charles Martin ya fara sayar da faifan haɗi mai ɗan lilo gaba da baya, wanda ke barin mota da tirela su hau tudu su gangara ba tare da wani abu ya karye ba. Dabarar ita ce, a maimakon mota ta ja kaya kawai, sai ta goya wani kaso na nauyin a bayanta. Duk tirelar da mai karatu ya taɓa gani a hanyar Kaduna jikar wannan dabara ce.

Wanda ya ɗauki dabarar ya kai ta ga gidan kwana kuwa, abin dariya, ɗan babur ne. Glenn Curtiss, mutumin garin Hammondsport a jihar Niyok, da gyaran keke ya fara, ya koma ƙera babura. A watan Janairun 1907, a gaɓar teku ta Ormond a Fulorida, ya yi gudun mil 136 a awa, wato kimanin kilomita 219, a kan wani babur mai silinda takwas da ya ƙera da kansa, har jaridu suka yi masa laƙabi da wanda ya fi kowa gudu a duniya. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan maƙeran jirgin sama. Da ya koma Fulorida da zama, a ƙarshen shekarun 1920 ya fito da tirelar alfarma mai suna Aerocar, wadda hancinta ke hawa bayan ƙaramar mota. Mahaɗin nata tayar jirgin sama ce da aka kwantar, iskar cikinta na shanye gargadar hanya. Curtiss ya rasu a 1930, kuma tirelar tasa ta masu hannu da shuni ce, saboda haka ba ta yaɗu cikin talakawa ba.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya sauko. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin ƙasar. Ma'aikata suka samu fansho, a-kori-kura ta zama motar gida, kuma daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 masu ƙera tirelolin kwana, waɗanda da yawa daga cikinsu ke yankin Elkhart a jihar Indiyana, suka koma wa ƙafa ta biyar gadan-gadan. Dalilinsu a fili yake. Tirelar da aka maƙala a bambar baya, idan iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce ta, sai ta shiga kaɗa wutsiya tana jan motar. Ita kuwa mai ƙafa ta biyar mahaɗinta yana daidai saman ƙafafun baya na motar, kuma kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta yana danne a wurin, saboda haka tana bin motar sau da ƙafa. Da aka samu wannan natsuwa sai gida ya yi ta girma: aka ƙara tsawo, aka ƙara tsayi, aka zo da ɗakunan da ke zamewa waje idan an yada zango.

Shi kuma ɗan baburin ta wata hanya daban ya biyo. A 1958 Soichiro Honda da abokin kasuwancinsa Takeo Fujisawa suka fito da Super Cub a Japan, babur mai ƙaramin inji wanda ba a matsa masa kuloci da hannu, yadda yaron da ke kai wa mutane taliya zai iya tuƙa shi da hannu ɗaya. A 1959 kamfanin ya buɗe reshe a Los Angeles. Ba a jima ba sai suka lura wani dillali a Boise, babban birnin Idaho, mai suna Herb Uhl, yana sayar da babura fiye da yadda ake zato ga gari irin nasa. Da aka bincika, ashe cire robar gaban yake yi, ya sa tayoyi masu ƙaya, ya ƙara girman faifan sarƙar baya, sai mafarauta da masunta da makiyaya su saya suna hawan duwatsu da shi. Honda ba su yi girman kai ba, a 1961 suka fito da nasu mai suna Trail 50. A 1964 aka ƙara ƙarfin injin, daga 1966 zuwa 1979 aka yi ta sayar da CT90, irin na Baba ke nan, wanda aka ƙara wa wata 'yar sandar sauya giya domin hawan tudu, daga baya kuma aka yi masa kan da ake iya karkatarwa ya kwanta da jikin babur ɗin, domin ya shige jikin mota bai tokare komai ba. Nauyinsa bai kai kilo 100 ba. Ka ga ke nan tun asali an ƙera shi da sanin cewa goya shi za a riƙa yi.

Mai karatu zai ce, to wanda ke da a-kori-kura me zai yi da babur, ba sai ya kwance tirelar ya tafi da motarsa ba? Haka na tambayi Baba. Ya ce ai haka ake yi, to amma in tuna inda suke zuwa. Shi da matarsa suna cikin tsofaffin da duk hunturu suke guje wa ƙanƙarar arewa su gangara kudu, irin su garin Quartzsite a hamadar Arizona, wanda mazaunansa 'yan dubbai ne amma a watan Janairu yake cika maƙil da baƙi, kowa ya kafa gidansa a filin gwamnati. Motar doguwa ce, ga shan man dizal, ga wuyar ajiyewa a ƙofar kanti, kuma ba ta shiga ƙananan hanyoyin duwatsu. Idan ɗaya ya fita da ita, ɗayan ya zama gurgu. Babbar magana kuma, ya ce, ita ce ranar da motar za ta ƙi tashi a inda babu sabis ɗin waya, ga matarsa mai ciwon sukari. Wannan rana babur ɗin ne ƙafarsu. Raina kama ka ga gayya.

Ga shi kuma faifan da ya ba gida damar girma shi ne ya cinye wurin da ya kamata babur ya zauna. Saboda haka shekara da shekaru Amurkawa na ta juya maganar. Wasu suna ɗora shi a gaban motar, a kan wani ƙarfe da aka ɗaure da shasi, amma yana tare wa lagireto iska, yana rage hasken fitila, yana ƙara wa ƙafafun gaba nauyi. Wasu suna ƙulla wata ƙaramar tirela a bayan babbar, abin da wasu jihohi suka yarda da shi bisa iyakar tsawo, wasu kuma suka hana, ga shi ba a iya ja da baya da ita cikin sauƙi. Daga ƙarshen shekarun 1980, musamman a Kalifoniya, aka fara ƙera tireloli masu gareji a ciki, bangon bayansu yana saukowa ya zama matakala, amma garejin daga falo ake yanko shi, kuma sai mutum ya sayi sabuwa. Hanyar da ta fi jan hankalin mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya rataya babur a bambar bayan tirela, kuma ita ce ta fi cin mutane.

Ita ta kusa cin Baba. Shekara biyu kafin haɗuwarmu ya ɗaure wata 'yar maɗora a bambar, ya ɗora baburin. Abin da bai ba muhimmanci ba shi ne, bambar irin waɗannan tireloli sau da yawa siririn bututu ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa inci 4, wanda aikinsa ajiye mesar zubar da ruwan banɗaki. A wata doguwar hanya cikin jihar Nevada waldar ta yage, babur ya faɗo, igiya ɗaya ce ta riƙe shi yana jan ƙasa yana tartsatsin wuta. Baba bai ji ba, bai gani ba, domin madubinsa ba ya nuna bayan gida mai tsawon mita 10. Sai da wani direban babbar mota ya jero da shi yana danna hon yana nuna baya sannan ya tsaya. Ya ce mini da igiyar ta tsinke a gaban wata ƙaramar mota mai ɗauke da iyali, da har ya mutu bai yafe wa kansa ba. "Shekara arba'in ina gyaran inji," in ji shi, "amma na auna nauyin babur, na manta ban auna nisansa ba."

Ya ɗauko alli ya zana mini lissafin a kan siminti. Daga mahaɗi zuwa ƙafafun tirelarsa mita 6 ne, daga ƙafafun zuwa inda babur ke zama mita 3. Babur da maɗorarsa kilo 120. Wannan kaya, ya ce, yana ɗage kilo 60 daga kan faifan, wato daga nauyin da ke hana tirela kaɗa wutsiya, sannan ya ɗora kilo 180 a kan ƙafafun tirelar. Wannan kuwa a tsaye ke nan. Idan ana tafiya, duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta bas a hanya mai ramuka ya san yadda baya ke cilla mutum sama alhali na gaba yana gyangyaɗi. Kowane tsalle sai nauyin ya ninka a kan waldar, kuma ƙarfe yana gajiya kamar yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta. Bokitin ruwan da ka riƙe a jikinka ba ɗaya yake da wanda ka miƙa hannu ka riƙe ba, ko da ruwan bai ƙaru ba.

Bayan wancan tsautsayi sai ya kai tirelar wurin mai walda, aka yanke bambar, aka haɗa sababbin ƙarafa biyu kai tsaye da shasin. Ya mayar da akwatin kayan aikinsa can gaba domin ya rama nauyin da ya ɗagu, ya hau sikelin manyan motoci ya auna kowace ƙafa, ya kuma maƙala 'yar kyamara a baya. Baburin ma ya gyara abinsa, sai dai tabon kwalta na nan a gefensa. Honda sun daina sayar da irinsa a Amurka a 1986, sai a ƙarshen 2020 suka dawo da jikansa Trail 125, wanda ya ɗara shi nauyi, saboda haka lissafin allin nan bai tsufa ba.

A safiyar nan muka jingina katako, ni ina turawa ta baya shi yana riƙe da kai, har babur ya zauna. Ya ɗaure shi da igiya huɗu, ya ƙara sarƙa da kwaɗo, ya kama shi ya jijjiga har tirelar ta motsa. Na ce, "Baba, ai ya ɗauru." Ya ce, "Wancan karon ma haka na ce." Ya sake zagayawa ya duba waldar da tocila, duk da rana ta fito. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ga babbar mota a hanyoyinmu an jibga babura a can ƙarshen bodi, wasu ma rabinsu na reto a waje, ga mutane a zaune a kai, sai in rage gudu in ba ta rata mai yawa, ina tuna zanen allin nan na ƙofar gidan Baba.