Majigi: finafinan wayar da kai na gwamnati daga Landan zuwa Najeriya

Finafinan wayar da kai gajerun finafinai ne da gwamnati ke ɗaukar nauyin shiryawa domin koya wa jama'a kiwon lafiya, kauce wa haɗari da wasu al'amuran rayuwar yau da kullum. Sun yi tashe a tsakiyar ƙarni na 20, musamman a Birtaniya da ƙasashen da take mulka. A ƙasar Hausa an san su da sunan majigi, kalmar da ta samo asali daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango.

A Birtaniya, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya bunƙasa wannan aiki, domin gwamnati na bukatar isar da umarni ga miliyoyin mutane cikin hanzari. A 1945 aka fitar da Coughs and Sneezes, inda wani likita mai suna Richard Massingham ya fito a matsayin dolon da ake koya wa rufe hanci da hankici idan zai yi atishawa. A 1946 aka kafa Babban Ofishin Yaɗa Labarai, wanda ya ci gaba da shirya irin waɗannan finafinai har aka rufe shi a 2012.

Reshen da ya shafi Afirka kuwa daga Legas ya tsiro. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a birnin a 1924, ta kuma ɗauki shekaru tana kisa. Wani jami'in tsaftar muhalli, William Sellers, ya fara amfani da fim wajen nuna wa mazauna gari alaƙar ɓera da cutar. Da aka kafa Sashen Finafinan Ƙasashen Mulkin Mallaka a Landan a 1939, shi aka ɗora a kansa, sashen kuma ya yi aiki har 1955.

Sellers yana da ra'ayin cewa mutumin da bai yi boko ba ba zai iya bin fim mai sauri ba. Don haka ya shimfiɗa ƙa'ida: kyamara ta tsaya wuri guda, kada a yawaita yanka hoto, kowane motsi a nuna shi daga farko har ƙarshe. Labarin ma kusan ɗaya ne kullum, wato mai wayo da ya bi shawarar hukuma ya ci riba, da wawan da ya ƙi ya yi asara. Masana na baya sun soki wannan ra'ayi a matsayin raini, kuma da gaskiyarsu, domin mutanen da suka tashi da tatsuniya da karin magana ba a raina musu fahimtar labari.

Hanyar kai fim ga jama'a ita ce ta fi tasiri. Mota ce ke ɗauke da janareta, na'urar haska hoto, farin allo da lasifika, tana bin gari gari. Da magariba ta wuce sai a kafa allo a fili, galibi a ƙofar fadar sarki ko gidan hakimi, ba a biyan ko kwabo. Da yake yawancin finafinan ba su da magana a harshen masu kallo, sai a sa mai sharhi ya riƙa fassarawa, kuma sau da yawa abin da ya faɗa shi ne abin da jama'a suka tafi da shi gida. A Arewa, inda ake kallon gidan sinima a matsayin matattarar 'yan iska, majigi ya samu karɓuwa saboda da izinin sarakuna yake zuwa, yara da manya kowa na halarta.

Daga cikin finafinan da aka ɗauka a Najeriya, Daybreak in Udi na 1949 ne ya fi suna a waje. Yana ba da labarin gina ɗakin haihuwa ta hanyar aikin gayya a yankin Udi, cikin Jihar Inugu ta yau, ya kuma ci kyautar Oscar a 1950. A wannan shekarar aka fitar da Smallpox, kan muhimmancin yin lambar agana. A Arewa kuwa, dattawa sun fi tuna Baban Larai, wanda ya koyar da dabarun noma na zamani.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatocin yankuna sun gaji motocin, suka haɗa darussan lafiya da noma da hotunan rangadin shugabanni. Yaɗuwar talabijin, sannan bidiyo, ta rage wa majigi kasuwa, amma ma'aikatan da ya horar sun ci gaba da aiki. Ɗaya daga cikinsu shi ne Adamu Halilu, wanda ya ba da umarnin fim ɗin Shehu Umar a 1976.