Tsuntsu Mai Bakin Cokali da Tarihin Fadamar Gobir ta Gabas

Masu nazarin tarihin Gobir sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe, alhali kuwa ruwa ne ya zaɓa wa Gobirawa mazauninsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi fadamar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, inda Gangara take, ta hanyar rayuwar wani tsuntsun ruwa, watau mai bakin cokali.

Shi dai wannan tsuntsu fari ne fat, mai dogayen ƙafafu, bakinsa dogo ne mai faɗi a ƙarshe kamar koshiya. Irinsa shida ne a duniya. Na Afirka, wanda masana ke kira Platalea alba, jan fuska gare shi da jan ƙafa, ana kuwa samunsa a fadamun Sahel tun daga Sanagal har Tafkin Chadi. Na Turai baƙar ƙafa gare shi, wasunsa kan ƙetaro Hamada su yi hunturu a nan. Ya bambanta da zalɓe, wanda kan tsaya cik yana dakon kifi da ido. Mai bakin cokali tafe yake cikin ruwa, baki a ɗan buɗe, yana kaɗa shi dama da hagu, duk abin da ya taɓa, ƙaramin kifi ne ko ƙwaro, sai ya cafke. Saboda haka ba ya iya kiwo sai a ruwan da bai wuce tsawon ƙafarsa ba, irin wanda ambaliya kan bari idan gulbi ya soma janyewa bayan damina.

Wannan ruwa mai janyewa shi ne kuma arzikin Gobir ta gabas. A wannan yanki ne Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, sannan Gulbin Maraɗi ya sauko daga arewa ya shiga cikinsa. A bakin Rima Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18. Bayan faɗuwar birnin a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya komo bakin Rima ya kafa Sabon Birni. Duk inda sarautar ta koma a wannan zamani, fadama ta bi. Laka ɗaya ce take ciyar da tsuntsu da masunci, ita ce manomin rani ke shuka a cikinta, bisanta kuma ciyawar da makiyayi ke nema takan tsiro.

A ƙarni na 20 tsarin ruwan ya sauya. Ambaliyar 1945 ta isa ta rushe tsohon garin Maraɗi har aka mai da shi tudu, amma farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, sun busar da tafkuna da dama. Daɗin daɗawa, an gina madatsar Zobe a kan Karaɗuwa, wadda ke zuba cikin Bunsuru, a 1983, da ta Goronyo a kan Rima a 1984, sannan ta Jibiya wajen 1990. Madatsa takan tara ruwa mai zurfi wuri guda, ta rage shimfiɗaɗɗen ruwan da kan mamaye fadama. Zurfin nan bai amfani mai bakin cokali da komai ba, haka ma manomin da ke jiran ruwa ya janye.

Ke nan wanda ke son rubuta tarihin Gangara da maƙwabtanta ba zai wadatu da jerin sarakuna kaɗai ba. Wajibi ne ya tambayi dattawan masunta da manoma sunayen tafkuna, da watan da kowanne kan ƙafe, da tsuntsayen da kan sauka a bakinsa, tun suna raye, musamman yanzu da hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka da yawa na Isa da Sabon Birni.